Zaɓen Rim na Keke Domin Hawan Titi da Zirga-zirgar Yau da Kullum

1.0 Gabatarwa

Keke, wanda dattawa ke kira basukur, ya daɗe da zama abin hawan ɗalibi da malami da ɗan kasuwa da manomi a ƙasar Hausa. Sai dai idan mutum ya tashi sayensa, galibi fenti da sirdi da sunan kamfani yake dubawa, ba kasafai yake tsayawa a kan wili ba, alhali kuwa wili ne ke ɗauke da keken da mahayinsa da kayansa. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan sashe ɗaya na wili, wato rim. Manufarta ita ce ta nuna cewa ingancin rim ya danganta ne da dacewarsa da abubuwa huɗu: tayar da za a sa masa, da birkin da zai kama shi, da nauyin da zai ɗauka, da hanyar da zai bi.

2.0 Rim da Aikinsa

Wilin keke ya kasu kashi uku. Akwai cibiya, inda boris yake, akwai wayoyi waɗanda suka tashi daga cibiya, sannan akwai rim, wato da'irar da wayoyin suka riƙe, wadda taya ke zama a kanta. Shi ne wanda yara ke kaɗawa da kara a wasan gare idan ya tsufa.

Wayoyin nan a ɗaure suke tamau, kowace tana jan rim zuwa cibiya. Idan mahayi ya hau, wayoyin da ke ƙasa, daidai inda taya ta taɓa hanya, sukan ɗan saki, su sake ɗaurewa da zarar wili ya juya. Muddin ba su saki gaba ɗaya ba, wili yana nan a miƙe. Amma idan rim ya yi laushi, ko nauyi ya fi ƙarfinsa, sai wayoyin su riƙa kwancewa ɗaya bayan ɗaya, wili ya karkace, ya fara gugar birki.

Siffar rim da aka saba da ita ta samo asali ne daga ƙarshen ƙarni na 19. John Boyd Dunlop ya fito da tayar keke mai iska a shekarar 1888, a 1890 kuma Charles Welch ya ƙirƙiro taya mai waya a bakinta, wadda ke zama a kan rim mai kwari a tsakiya. Wannan kwarin ne ke ba mai faci damar cire taya da mayar da ita.

3.0 Dacewa da Taya

A nan ne masu keke suka fi shiga ruɗani, domin sunan da ake kiran taya da shi a kasuwa, na inci, bai dace da ainihin awonta ba. Awon da za a dogara da shi shi ne faɗin da'irar rim daga wajen da bakin taya ke zama zuwa takwaransa na ɗaya ɓangaren, da milimita, kamar yadda ƙa'idar ISO 5775 ta tanada. Ana rubuta shi a gefen taya, alal misali 37-622. Lambar farko kaurin taya ce, ta biyu kuwa ita ce awon rim ɗin da take bukata.

Manyan kekunan da aka saba gani a garuruwanmu, irin su tsohon Raleigh da Phoenix, rim ɗinsu milimita 635 ne, ana kuma kiransa inci 28. Yawancin kekunan titi da ake shigowa da su na hannu daga Turai kuwa 622 ne, shi ma ana kiransa inci 28, ko 700C. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma tayar 622 ba ta hawa rim na 635, tayar 635 kuma idan aka sa ta a kan 622 za ta iya suɓucewa da zarar an cika ta da iska. Haka nan inci 26 na iya zama 559, kamar na kekunan hawan dutse, ko 590, ko 597. Wani abin mamaki shi ne inci 27, wanda awonsa 630 ne, ya fi wani inci 28 ɗin girma. Saboda haka mai saye ya karanta lambar milimita da idonsa kafin ya biya kuɗi.

Bayan wannan sai faɗin cikin rim, wato tazarar da ke tsakanin leɓunansa biyu. Ƙa'idar da masu gyara suka daɗe suna bi ita ce kaurin taya ya kasance tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na wannan faɗi. Rim mai faɗin ciki milimita 19, wanda ake rubuta wa 622x19, yana karɓar taya daga 28 zuwa 38 lafiya lau, wannan kuwa shi ne kaurin da ya fi dacewa da zuwa aiki a kan kwalta mai ramuka. Taya mai kauri a kan siririn rim takan yi lilo a kwana, siririyar taya a kan faffaɗan rim kuma takan bar leɓen rim ya riƙa dukan bakin rami, ya tsinke tiyub.

4.0 Abin da Aka Ƙera Shi da Shi

Rim iri uku ne ta wannan fuska: na baƙin ƙarfe, da na alminiyam, da na zaren kabon. Na baƙin ƙarfe yana da araha, kuma idan ya lotsa mai gyaran bakin titi zai iya buga shi ya miƙe. Illarsa ita ce nauyi da tsatsa, da kuma santsi, domin idan ruwa ya jiƙa gefensa mai ƙyalli, robar birki takan zame kafin ta kama.

Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe idan girmansu ɗaya, ba ya tsatsa irin tasa, birki kuma ya fi kama shi a cikin ruwa. A gasar Tour de France ta 1934 a Faransa, Antonin Magne ya yi nasara da rim na alminiyam ƙirar kamfanin Mavic, a lokacin da 'yan tsere ke hawa na katako. Rim na alminiyam na iya zama mai bango ɗaya ko mai bango biyu. Mai bango biyu cikinsa rufaffe ne kamar bututu, don haka ya fi jure duka da murɗewa, shi ne kuma ya kamata mai zirga-zirgar kullum ya nema. Sai dai yana bukatar ƙaƙƙarfan ƙyalle ko roba da za a rufe ramukan wayoyi, don kada tiyub ya kutsa ciki ya fashe.

Na zaren kabon ya fi dacewa da 'yan tsere. Yana da tsada, idan ya tsage kuma gyaransa ya fi ƙarfin mai faci. Wasu sababbin ire-irensa ba su da ƙugiya a leɓe, kuma ba a wuce ba 5 na ma'aunin iska a cikin tayarsu.

5.0 Dacewa da Birki

Birkin keke iri uku ne, kowanne da rim ɗinsa. Birkin sanda na manyan kekuna yana jan roba sama ta kama cikin da'irar rim, gefen wayoyi, don haka yana bukatar rim mai kafaɗa irin wanda ake kira Westwood. Birkin waya yana matse gefen rim hagu da dama, saboda haka sai rim mai shafaffen gefe. Birkin faifai kuwa a cibiya yake kamawa, rim ɗin da aka yi dominsa ba shi da wajen gugar roba, haɗari ne kuma a sa shi a keke mai birkin waya.

Wajibi ne a san cewa birkin da ke matse gefe yana cin rim sannu a hankali, musamman da damina, lokacin da yashi da taɓo ke shiga tsakanin roba da ƙarfe. Wasu kamfanoni sukan yi tsagi ko ɗan rami a gefen rim, idan ya shafe rim ya gama aiki. Wanda zai sayi na hannu ya shafa gefen da yatsa. Idan ya ji ya yi kwari, ya haƙura da shi komai sauƙin kuɗinsa, domin araha ba ta ado, kuma bangon da ya sirance yana iya tsagewa ana cikin tafiya.

6.0 Nauyi da Yanayin Hanya

Yawan ramukan wayoyi shi ke nuna nauyin da wili zai ɗauka. Tsofaffin kekunan Ingila sukan zo da waya 32 a gaba da 40 a baya, saboda wilin baya ne ya fi ɗaukar nauyi. Mai goyon yaro zuwa makaranta ko mai ɗora buhu a kariya ya nemi 36, mai tafiya shi kaɗai 32 ta ishe shi. Wili mai waya 20 ko 24 na gudu ne, idan ɗaya ta tsinke nan take yake karkacewa. Dole ne kuma yawan ramukan rim ya yi daidai da na cibiya.

Zurfin rim ma abin lura ne. Mai zurfin milimita 40 zuwa 60 yana rage tirjiyar iska ga mai tsananin gudu, amma iskar da ta bugo daga gefe takan fizgi kan keke. A cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi, mara zurfi ya wadatar. Haka kuma a duba ramin bawul, domin siririn bawul na Presta ya fi na mota ƙanƙanta, kuma bawul irin na mota ne kowane mai faci ke da famfonsa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa mai zuwa aiki ko makaranta a kan keke mai birkin waya, rim na alminiyam mai bango biyu, mai rami 32 ko 36, mai faɗin ciki tsakanin milimita 17 da 21, shi ya fi dacewa da shi. Mai babban keke na birkin sanda kuwa ya tsaya a kan 635 mai kafaɗa. Masu iya magana sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne ko ana samun taya da wayoyin wannan awo a kasuwar garinsu, domin rim ɗin da babu tayarsa a kusa zai ajiye keke a zaure wata da watanni.