Datar Dare Da Barcin Da Muke Asara

Kamfanonin sadarwa a Najeriya sun daɗe suna sayar da data mai rahusa ta tsakar dare, wadda ke ƙarewa kafin gari ya waye. Matashi ya saya da 'yan kuɗi kaɗan, ya kwanta rigingine, waya na haska masa fuska, babban yatsa na jan bidiyon TikTok ɗaya bayan ɗaya. Kiran assalatu ya riske shi ido biyu, ko ya wuce shi yana sharar barci.

Likitoci sun san abin da ke faruwa a jikinsa. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa kan saki wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Haske da daddare, har da na fuskar waya, yana jinkirta fitowarsa. A ganina ma ƙirar manhajojin ta fi hasken ɓarna, domin bidiyo na ƙarewa wani ke tashi da kansa, ba inda za a ce maka an gama. Ga kuma musun zauren WhatsApp da ke tayar da jijiyar wuya ƙarfe ɗayan dare. Baligi kuwa yana bukatar barcin awa 7 ko fiye.

Lamarin yara ya fi damuna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Mu kuwa da yaro ya fara rigima sai a miƙa masa waya a samu a tuƙa tuwo. Ba na ganin laifin uwar, hannu biyu gare ta. Amma yaro a bakin mutane yake koyon magana, wajen mai kallon idonsa yana amsa masa.

Tun 2018 wayoyin iPhone da na Android suke da wurin da ke nuna awannin da aka ɓata a kowace manhaja, har a iya sa mata iyaka. Mai karatu, buɗe naka yau ka ga adadin. Ka kashe ƙarar sanarwar da ba dole ba, ka ajiye wayar nesa da shimfiɗa awa ɗaya kafin kwanciya. Iyaye kuma su fara da kansu kafin su kafa wa 'ya'ya doka.