Querer: kalmar Sifaniyanci da ta yi kama da "so" na Hausa

Wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba da kalmomi biyu: "vouloir" idan yana buƙatar abu, "aimer" idan yana ƙaunar mutum. Sifaniyanci, harshen uwa na mutane kusan miliyan 500 a Sifaniya da Latin Amurka, ya haɗa ma'anonin biyu cikin aikatau guda, wato "querer". Haka Hausa ma take yi: da kalmar "so" ake cewa ina son ruwa, da ita kuma ake cewa ina son mahaifiyata. Don haka Bahaushe mai koyon wannan harshe zai fi samun sauƙi idan ya auna "querer" da Hausa maimakon ya bi ta Faransanci.

Asalin kalmar daga Latin ne, "quaerere", ma'ana nema. Daga nan ne Faransanci ya samo "quérir" da "acquérir". Ana furta ta "kerer", domin "qu" sautin "k" ne.

Siffofi shida na lokacin yanzu

Yo quiero: ina so
Tú quieres: kana so, kina so
Él, ella quiere: yana so, tana so
Nosotros queremos: muna so
Vosotros queréis: kuna so
Ellos, ellas quieren: suna so

A wurare huɗu wasalin "e" na tushen kalmar ya rikiɗe ya zama "ie", a wurare biyu kuma bai motsa ba. Dalili shi ne inda nauyin murya yake sauka. A "quiero", "quieres", "quiere" da "quieren" nauyin yana kan tushen, sai wasalin ya rabu biyu. A "queremos" da "queréis" nauyin ya koma gaba, sai "e" ta tsaya yadda take. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida ya samu mabuɗin wasu aikatau da dama, kamar "pensar" (yin tunani), "entender" (fahimta) da "empezar" (farawa): "pienso" amma "pensamos".

Saɓanin Faransanci, ana furta haruffan ƙarshe duka. Tun da ƙarshen kalmar ne ke nuna mai magana, galibi ba a kawo wakilin suna. "Quiero agua" ya wadatar a ce ina son ruwa. Ana saka "yo" ne don jaddadawa, kamar a ce ni ne nake so.

Wa ake yi wa magana?

Babba ko baƙo ana ce masa "usted", kuma aikatau ɗin yana ɗaukar siffar "yana so": "¿Quiere usted té?", wato za a sha shayi? Siffar "vosotros queréis" a Sifaniya ake jin ta. A Meziko, Kolombiya da sauran ƙasashen Latin Amurka "ustedes quieren" ake cewa. A Ajantina da Urugwai kuwa, aboki yana ce wa abokinsa "vos querés" a madadin "tú quieres".

Son abu da son mutum

Ƙaramar kalma "a" ce ke raba buƙata da ƙauna. "Quiero un hijo" na nufin ina so in samu ɗa. "Quiero a mi hijo" na nufin ina ƙaunar ɗana. "Te quiero" kuma, wato ina son ka ko ina son ki, ana faɗa wa iyaye, ƴaƴa, aminai da abokin zama. "Te amo" ya fi shi nauyi, an fi jin sa tsakanin masoya.

Sai dai akwai inda Hausa da Sifaniyanci suka raba hanya. Bahaushe kan ce ina son shayi ko da ba ya neman a zuba masa yanzu. A Sifaniyanci "quiero té" neman shayin ne. Wanda yake nufin shayi yana masa daɗi sai ya ce "me gusta el té".

Son yin aiki

Idan mai so shi ne mai aikatawa, aikatau na biyu yana zuwa a siffarsa ta asali: "quiero ir", ina so in tafi; "queremos comer", muna so mu ci abinci. Idan wani ne ake so ya aikata, sai a kawo "que" da siffar da Faransanci ke kira subjonctif: "quiero que vayas", ina so ka tafi. Bahaushe ya san wannan tsari, domin shi ma ba ya cewa "ina so kana tafiya".

Ladabi wajen roƙo

"Quiero un café" daidai ne a nahawu, amma a gaban wanda ba a saba da shi ba yana iya fitowa kamar umarni. Ana sassauta shi da "por favor", ko a ce "quería" ko "quisiera", kwatankwacin "je voudrais". Tambaya ma tana zama tayi: "¿Quieres comer?" kamar bismilla ce ga wanda ya tarar ana cin abinci.

Wasu maganganu biyu suna fitar da baƙo daga kunya. "Fue sin querer" na nufin ba da gangan ba ne, abin da ake faɗa idan an taka ƙafar wani a kasuwa. "¿Qué quiere decir?" kuwa na nufin mene ne ma'anarsa, kuma da wannan tambaya mai koyo ke samun sauran kalmomin daga bakin masu harshen.