Likita Ya Ajiye Wuƙa, Saura Jinya

Ranar 23 ga Oktoba, 2005, Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Marbela ta ƙasar Sifen, saura mako uku ta cika shekara 60. Ba a kan gadon tiyata rai ya yi halinsa ba. An yi mata aikin zuƙe kitse, an gama, an mayar da ita ɗaki, daga baya jiki ya rikice. Kotun da ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya a 2009 ta gano cewa bututun zuƙar ya huda mata hanji, kuma an yi sakaci wajen gane matsalar da garzayawa da ita babban asibiti.

Yau tiyatar gyaran jiki ta zama kasuwa. Daga Legas da Abuja har Istanbul da Alƙahira ana rage teɓa, ana ɗaga ƙirji, ana cika mazaunai. Masu talla a Instagram hoto biyu suke nunawa, na kafin aiki da na bayansa. Watannin da ke tsakani ba a ɗaukar su hoto, alhali a cikinsu ne ake sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Jiki bai san bambancin yankan likita da na haɗarin mota ba. Hanya ɗaya yake bi ya rufe miki. Da farko jini ya daskare. Sai kwana huɗu zuwa biyar na kumburi da zafi, lokacin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke share wurin. Daga nan, har wajen mako uku, sababbin jijiyoyin jini su tsiro, jiki ya shimfiɗa wani zare mai suna kolajin wanda ke haɗe bakin mikin. A nan ne mutane ke ruɗuwa. An cire zaren ɗinki, fata ta haɗe, sai mace ta ce ta warke, ta sunkuya ta ɗauki yaro ko bokitin ruwa. Amma a mako na uku ƙarfin wurin bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na lafiyayyar fata ba. Sai an yi kusan wata uku yake kai kashi 80, kuma iyakarsa ke nan har abada. Tabon kuwa yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya kwanta ya dushe.

Wadda aka rage wa teɓa takan fito da siririyar roba ɗaya ko biyu a ƙasan mara, kowacce da ɗan ƙoƙon roba a ƙarshenta. Safe da yamma sai an juye ruwan da ya taru, an auna, an rubuta. Kwanakin farko ja ne, sannan ya koma ruwan hoda, daga bisani ya yi fatsi-fatsi. Idan aka cire robar da wuri, ruwan ya taru a ƙarƙashin fata sai an zuƙe shi da allura. Ga ɗamarar matsi da ake sawa dare da rana na mako huɗu zuwa shida. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramin horo ba ne. Tafiya ma a duƙe ake yin ta kwanaki, don kada ɗinkin ya ja.

Aikin cika mazaunai, wanda ake kira BBL, ya fi kowanne sharaɗi. Kitsen da aka ɗebo daga ciki aka dasa a baya ba shi da jijiyar da za ta ciyar da shi sai ya kama, kuma wani kaso nasa dole jiki ya shanye. Shi ya sa ake hana zama a kai aƙalla mako biyu: barci rub-da-ciki, cin abinci a tsaye. Wani rahoton likitocin fannin da ya fito a 2017 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kusan 3,000 ke mutuwa a wannan aiki, galibi saboda kitse ya shiga jijiya ya toshe huhu. Tun daga nan aka tsananta ƙa'ida cewa a ƙarƙashin fata kawai za a zuba shi, ba cikin tsoka ba.

Sai gudan jini. Doguwar kwanciya kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, idan gudan ya ɓalle kuwa huhu ya nufa. Dalilin ke nan da ma'aikatan jinya ke tasa majinyaci a gaba ya taka tun rana ta farko, ko yana kuka. Saboda haɗarin nan ne hukumar lafiya ta Birtaniya ke ba da shawarar kada a hau jirgin sama sai bayan kwana 5 zuwa 7 da zuƙe kitse, ko 7 zuwa 10 da rage teɓa. Amma kuɗin otal a Istanbul da kuɗin ƙasar waje ake biya, don haka da yawa kan yanki tikitin dawowa tun kafin su san yadda jiki zai karɓi aikin.

Akwai kuma abubuwan da suka fi shafar mu. Man bilicin mai ɗauke da sitiroyid yana sirantar da fata, ɗinki ya ƙi riƙewa. Shisha da taba suna tsuke ƙananan jijiyoyi, gefen miki ya yi baƙi ya mutu. Shi ya sa ake cewa a bari mako huɗu kafin aiki da huɗu bayansa. Ciwon suga da ba a daidaita ba yana jawo mugunya. Gashi da ruwan zafi, wanda iyayenmu suka yarda da shi ga kowane kumburi, a nan haɗari ne, domin fatar wurin takan yi watanni ba ta ji, sai ta ƙone mai ita ba ta sani ba. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabon nan mai tsirowa ya wuce iyakar yankan, wanda likitoci ke kira kiloyid. Duk wadda hujin kunne ya taɓa yi mata tsiro, ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki wuƙa. Bayan aiki akwai bandejin silikon da allurar da ke kwantar da shi, amma yana da naci.

A ganina, duk waɗannan ba su kai ɓoyo illa ba. Mai jego a ƙasar Hausa kwana arba'in ake yi ana tattalinta, da tsohuwa a ɗaki, da masu sa ido. Wadda aka yi wa tiyatar kwalliya kuwa, da yankan da ya fi na haihuwa tsawo, ita kaɗai take jinyar kanta a bayan ƙofa. Ta ce wa dangi ta je Dubai saro kaya, ko "ɗan ƙari ne aka cire min." Zazzaɓi ya zo, ta aika kemis a sayo mata maganin maleriya, don kada ta je asibiti a ce ta buɗe ciki. Ko ta je ma, sai ta ɓoye wa likitan gaskiya, shi kuma ya yi ta lalube.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, miki mai wari ko mugunya, jan da ke yaɗuwa, ciwon ciki mai ƙaruwa maimakon raguwa, ƙafa ɗaya da ta kumbura, numfashi sama-sama ko ciwon ƙirji: ko ɗaya daga cikinsu ba na jiran wayewar gari ba ne, kuma ba a maganinsa ta WhatsApp da likitan da ke wata ƙasa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin wannan fanni. Abin da za su fara tambaya shi ne wane aiki aka yi, yaushe, da waɗanne magunguna aka bayar, don haka kada a baro inda aka yi tiyatar sai da takardar bayanin aikin a hannu, da mutum ɗaya a gida wanda ya san inda aka ajiye ta.