Abubuwan da Ke Toshe Jijiyoyin Zuciya

Zuciya tsoka ce, ita ma tana buƙatar jini. Wasu ƙananan jijiyoyi da ke kwance a jikinta ne ke shayar da ita. Shekara da shekaru kitse kan riƙa taruwa a cikinsu, hanya tana ƙuntata, har ranar da gudan jini zai toshe ta baki ɗaya. A ranar ne mutum zai yanke jiki ya faɗi, ka ji an ce a Tasawa ko Mayahi: "Lafiya lau muka yi sallar asuba da shi." Alhali ciwon ya daɗe yana ci a ɓoye.

Akwai abin da mutum ba shi da iko a kai: tsufa, gado daga iyaye, da kasancewa namiji, domin maza kan riga mata kamuwa, sai bayan haila ta ɗauke mace ta fara cim musu. Amma binciken INTERHEART na 2004, wanda aka yi a ƙasashe 52, ya nuna cewa abubuwa 9 da ake iya gyarawa su ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin.

A ƙasarmu Nijar, babba daga cikinsu hawan jini ne. Ba ya zazzaɓi, sau da yawa ko ciwon kai ba ya sawa, shi ya sa ake raina shi. Binciken da aka gudanar a Nijar a 2007 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya samu fiye da mutum ɗaya cikin manya biyar da shi. Awon da ya kai 140/90 ya kuma tsaya a nan, magani yake nema. Gishiri ne ke rura shi. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. To, a duba tukunyar miyarmu: ga gishiri, ga dunƙulen magi biyu ko uku, ga kanwa, kuma dukansu sinadari ɗaya suke ɗauke da shi. Uwargida ba ta da laifi, haka ta tarar. Amma in aka rage sannu a hankali, harshe kan saba.

Sai ciwon suga, da shayin fada mai zaƙi zagaye uku. Sai taba, ko sigari ko shisha, wadda ke lalata bangon jijiya hatta ga yaron da ke zaune gefen mai sha.

Manomin gero a karkarar Mayahi yana da kariyar da bai sani ba: noma, tafiyar ƙasa, fura da wake. Abin damuwa shi ne ɗan'uwansa da ya koma gari, yana yini zaune a shago bakin titin Maraɗi zuwa Damagaram, ko masallaci sai a kan kabu-kabu, dare ya yi ga tsire mai kitse. Tumbinsa ne jama'a ke kira alamar arziki, likita kuwa haɗari yake gani a ciki. Irin wannan mutum, in ya ji nauyi a ƙirji yana sauka hannun hagu tare da gumi, kada a tsaya jiƙa masa kanwa da sunan gyambon ciki. A garzaya da shi asibiti nan take.