Don Williams, mawaƙin da shahara ba ta raba da gidansa ba

Da yawa daga cikinmu sun san muryar Don Williams tun kafin su san sunansa. A shekarun 1980 da 1990 kaset-kaset ɗinsa sun bazu a ƙasashen Afirka, ana jin su a gidajen rediyo da cikin motocin haya. Murya ce mai kauri da natsuwa, Turancinsa kuma yana fita dalla-dalla, har mai ƙaramin sani ya kan tsinci ma'ana.

An haife shi ranar 27 ga Mayu 1939 a garin Floydada na jihar Teksas, a Amurka. Mahaifiyarsa ce ta koya masa kaɗa jita. Bayan aikin soja na shekara biyu, a 1964 shi da abokai biyu suka kafa ƙungiyar waƙoƙin gargajiya mai suna Pozo-Seco Singers. Da ƙungiyar ta watse, sai ya bar waƙa na ɗan lokaci, ya nemi abin ciyar da iyali. Daga baya ya nufi birnin Nashville, cibiyar kiɗan karkara da ake kira kantiri, inda Jack Clement ya ɗauke shi a matsayin marubucin waƙoƙi a 1971.

Sannu ba ta hana zuwa: yana da shekara 35 waƙarsa ta fara hawa matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri, a 1974. Kafin ƙarshen aikinsa waƙoƙinsa 17 ne suka kai wannan matsayi. A 1978 aka zaɓe shi gwarzon mawaƙa maza na kantiri, a 2010 kuma aka shigar da sunansa zauren girmamawa na wannan fanni. Saboda tsayinsa da sanyin halinsa aka yi masa laƙabi da ƙato mai tausasawa. A 1997 ya zo Afirka, ya yi wasa a Harare, babban birnin Zimbabuwe.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ya riƙe gidansa. Sana'ar waƙa ta sha tarwatsa aure, domin yawan tafiye-tafiye da ruɗin masoya. Shi kuwa ya yi aure a 1960, tun ba wanda ya san shi, ya zauna da matarsa shekara 57, suka haifi ƴaƴa maza biyu. Ya guji shagulgulan mashahurai, ya fi son zama a gonarsa a jihar Tennessee. Ko da ya yi ritaya a 2016, dalilin da ya bayar shi ne son hutawa a gida.

Ya rasu ranar 8 ga Satumba 2017 a birnin Mobile, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 78. Magidantanmu da neman abinci ke nisantawa da iyali, direbobi da fatake da ma'aikata, suna da abin dubawa a rayuwar wannan bawan Allah.