Ɗigon Ruwa Ɗaya Ya Isa A Gano Dalma

Duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa sun yi suna wajen haƙar kuza, amma akwai dalma ma a cikinsu. Da damina, ruwan sama kan wanke ƙasar da aka tono, ya gangara rafukan da muke ɗiba. Dalma kuwa ba ta sauya wa ruwa launi. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara.

To, yaya za mu gano ta ba tare da mun kai ruwa ɗakin gwaji a Kano ba? Masana na ƙera wata 'yar na'ura da ba ta wuce akwatin ashana ba, mai hanyoyin ruwa sirara kamar silin gashi. A ciki ɗigon ruwa ke gauraya da wani sinadari, sai a haska shi da ƙaramar fitila. Idan da dalma, ƙarfin ƙyallin sinadarin kan sauya, na'urar ta auna, ta aika sakamakon ta waya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya. Ɗalibai, darasin haske da na sinadarai da muke yi a aji, ga inda suke aiki.