Karanta Alamun Jikin Tankin Magani Da Buhun Taki

In damina ta ƙarato, manyan motoci kan yi ta sauke takin zamani da maganin ƙwari a kasuwanni da ɗakunan ajiya. Wasu kayan ba a ƙananan gwangwanaye su ke zuwa ba, sai a cikin farin tankin roba mai kejin ƙarfe wanda ke cin lita 1,000, ko kuwa a ƙaton buhu mai ɗaukar tan guda. Jikinsu duk rubutu ne da zane, amma mutane ƙalilan ne ke tsayawa su duba. Alhali kuwa alamun nan su ne ke faɗin abin da ke ciki, da kuma ko mazubin ya isa ya ɗauke shi.

Asalin wannan tsari daga Majalisar Ɗinkin Duniya ne. A shekarar 1956 ta fara fito da ƙa'idodin safarar kaya masu haɗari, waɗanda yanzu an kasa su aji 9. Kafin hukuma ta yarda da wani samfurin tanki, sai an gwada shi tukuna. A kan cika shi a sako shi daga sama, a ɗora masa nauyi, a ɗaga shi, a hura masa iska a ga ko zai yi yoyo. In ya jure duka, sa'an nan a buga masa hatimi.

Hatimin nan da'ira ce da haruffan u da n a ciki. Bayanta sai lamba. In an ga 31HA1, watau tankin roba ne mai kejin ƙarfe, na zuba abu mai ruwa-ruwa. In 13H ne, buhu ne. Daga nan sai harafi guda: X na kaya mafi haɗari, Y na matsakaici, Z na mai sauƙi. Mazubi mai Z ba ya halatta a zuba masa kayan Y. Sai kuma wata da shekarar da aka ƙera shi, da ƙasar da ta yarda da shi, da nauyin da za a iya ɗora masa a bisa. Akawu mai karɓar kaya ya lura da shekarar ƙwarai, don ba a yarda tankin roba ya ɗauki kaya masu haɗari ba in ya wuce shekara 5, kuma duk shekara biyu da rabi sai an sake gwada shi.

Alama ta biyu takarda ce mai kusurwa huɗu, tsaye a kan tsininta. Ja mai harshen wuta da lamba 3, abin ciki mai kamawa da wuta ne. Fara mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa da lamba 6, guba ce. Mai lamba 8, abin na cin fata da ƙarfe. Rawaya mai 5.1 kuwa, abin na ruruta wuta, kamar takin nan amoniyam naitaret. Wannan bai kamata ya kusanci fetur ko gas ko ciyawa ba. Irinsa ne, tan 2,750, ya fashe a tashar jirgin ruwa ta Beirut ta ƙasar Labanan a shekarar 2020, ya kashe mutum fiye da 200.

To, babban abin tsoro a ƙauye shi ne tankin da aka juye. Ga shi da arha, ga shi da girma, sai a ɓare takardar a sayar wa mai neman wurin ajiye ruwa ko man gyaɗa. Roba kuwa ta kan sha magani, wanki ba ya fid da shi duka. Tankin da ya taɓa cin guba, ko wanda ba a san abin da ya ci ba, kada a zuba masa abin da mutum ko dabba za su sha.

Saboda haka ɗan kasuwa kada ya karɓi mazubin da ba hatimi, direba kada ya haɗa shi mota ɗaya da hatsi. Manomin da alamar ta shige masa duhu kuwa, sai ya kai wa malamin gona ya karanta masa kafin ya buɗe.